Tukunyar Gas ɗin Lemo a Zafin Gummi: Yadda Za Ka Ɗauko Ta da Yadda Za a Cika Maka

Yau za mu ɗan jingine maganar sababbin wayoyi da manhajoji, mu duba wani kayan aiki wanda ita wayar ce ta jawo shi hannun matasanmu.

A makon jiya wani matashi daga Gummi, mai shagon cajin waya da yake haɗawa da sayar da zoɓo da lemon citta mai sanyi, ya turo mana hotuna biyu ta WhatsApp. Duka hoton geji ne a kan wata tukunyar ƙarfe. Ya rubuta: "Malam, don Allah duba mini. Da asuba allurar tana kan 900 da 'yan kai, yanzu bayan azahar ta wuce 1,500, kuma ni ban ƙara mata komai ba. Gejin ne ya lalace, ko jabu aka sayar mini?"

Gejinsa lafiya lau. Tukunyar ce ta wuni a ƙarƙashin rufin kwano, ita kuwa allurar gaskiyar abin da ke faruwa a ciki take faɗa masa. Tukunyar ta iskar kabon dayoksaid ce, wadda ake taƙaitawa da CO2, wato iskar nan da kake jin ta yi "tsss" idan ka buɗe lemon kwalba. Ya saye ta hannu na biyu ne don ya riƙa sa wa zoɓonsa gas, bayan ya ga yadda ake yi a bidiyo. Tun da na san ba shi kaɗai ba ne, na ga ya dace amsar ta fito fili kowa ya amfana.

Daga ina harkar ta fito?

Idan ka shiga YouTube ko TikTok kana neman yadda ake sa wa abin sha gas a gida, za ka tarar mafi yawan bidiyon na masu haɗa giya ne a gidajensu a Amurka, Ingila, Jamus da Ostireliya. Suna zuba ta a wani tulun ƙarfe mai cin lita 19 da suke kira keg, su jona masa tukunyar CO2, su saka a firij. Wannan ba sana'ar yankinmu ba ce. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, zamanin gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, dokar Jihar Zamfara ta haramta sayar da giya da shanta, kuma dama can addini ya riga ya hana.

Sai dai kayan aikin ba na giya ba ne tun asali. Shi wannan tulun ƙarfe, kamfanin Cornelius na Amurka ne ya yi fice wajen ƙera shi domin lemo irin su Pepsi da Coca-Cola da ake tsiyayawa a gidajen abinci. Da kamfanonin lemo suka sauya tsari suka watsar da tulunan, sai masu giya suka tsince su da araha. Ita kanta dabarar sa wa ruwa gas, wani masanin kimiyya ɗan Ingila mai suna Joseph Priestley ne ya gano ta a garin Leeds a 1767, sannan a 1783 Jacob Schweppe ya mayar da ita kasuwanci a Janiba. Saboda haka mai zoɓon Gummi bai ari kayan kowa ba, mayar da su ya yi ga aikinsu na farko.

Matsalar bidiyon nan ɗaya ce. Masu yin su suna aiki ne a ɗakuna masu sanyi, inda zafi ke tsayawa wajen digiri 20 a ma'aunin Salshiyos. Duk shawararsu a kan wannan yanayi aka gina ta. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu, a Gummi da Anka da Bukkuyum, rana tana kaiwa digiri 40 har ta wuce. Ga CO2, tazarar da ke tsakanin 20 da 40 ba ƙaramar magana ba ce.

Abin da ke cikin tukunyar ruwa ne

Yawancinmu muna ɗauka tukunyar cike take da iska kamar tayar mota. A'a. An matse iskar har ta zama ruwa-ruwa. Idan ka girgiza tukunya a lokacin sanyi za ka iya jin motsinsa. Ruwan yana kwance a ƙasa, a samansa kuma an bar fili inda iskar ke taruwa. Duk lokacin da ka buɗe bawul ka ɗebi iska, sai ruwan ya tafasa kaɗan ya maye gurbin abin da ya fita.

A zafin digiri 20, matsin da ke ciki yana kusan bar 57, wato wajen psi 830. Don ka gane girman wannan lamba, mai faci yana ba tayar ƙaramar mota psi 30 zuwa 35 ne. Ke nan tukunyar da ke zaune lafiya a ɗaki mai sanyi tana ɗauke da matsin da ya ninka na taya fiye da sau 20.

Yanzu ga inda zafinmu ya shigo. Ruwan CO2 yana kumbura ƙwarai idan ya ji ɗumi, yana cinye filin nan da aka bar masa a sama. Idan zafi ya wuce digiri 31, sai bambancin ruwa da iska ya ɓace gaba ɗaya, abin ya zama wani abu guda mai kauri da ya cika tukunyar daga gindi har wuya. Daga nan kowane digiri ɗaya da ya ƙaru, matsin yana hawa da sauri. Tukunyar da aka cika daidai ƙa'ida, a digiri 40 matsinta yana kai kusan bar 110, wato kusan ninki biyu. A digiri 50 yana kai wajen bar 140. Abin da abokinmu na Gummi ya gani a gejinsa ke nan.

An ƙera tukunyar ta jure wannan, muddin lafiyarta ƙalau kuma ba a cika ta fiye da kima ba. Kamfanonin gas suna gargaɗin kada a bar ta inda zafi zai wuce digiri 50 zuwa 52. A jikin bawul kuma akwai wani ɗan siririn faifan ƙarfe na kariya, wanda aka yi shi don ya fashe kafin tukunyar ta fashe. A irin tukunyar alminiyom ta Amurka mai tambarin 1800, faifan yana fashewa idan matsi ya doshi psi 3,000. Idan ya fashe, duk gas ɗin zai fice cikin ƙara mai firgitarwa da farin hayaƙi, kuma babu mai iya tsayar da shi sai ya ƙare.

Geji ba ya gaya maka saura nawa

Ka yi tunanin waya wadda batirinta zai tsaya a kan kashi 90 tun safe har dare, sannan farat ɗaya ya fara zubewa. Haka gejin CO2 yake a lokacin hunturu. Muddin akwai sauran ruwa a gindin tukunya, allurar ba ta sauka, ko rabi ne ya rage. Sai ruwan ya ƙare sannan ta fara yin ƙasa, kuma a lokacin abin da ya saura bai kai kashi ɗaya bisa uku ba. A lokacin bazara kuma allurar tana hawa da sauka tare da rana, ta yadda ba za ka iya bambance hawan zafi da yawan gas ba. Ko ta wace fuska, geji ba ma'aunin yawa ba ne.

Abin da ke faɗin gaskiya shi ne sikeli. A kafaɗar kowace tukunya ta ƙwarai akwai rubutu da aka buga a jikin ƙarfen. Ka nemi TW ko TARE da wata lamba a gaba: nauyin tukunyar ne babu komai a ciki. Sai kuma lambar da ke nuna kilo nawa na CO2 aka yarda a zuba. Idan TW ya ce 8.2, tukunyar kuma ta kilo 5 ce, to cikakkiyarta ba za ta wuce kilo 13.2 ba. Ka ɗauki hoton rubutun da wayarka, ka ƙara haske, domin fenti da tsatsa sukan rufe shi. Ka ajiye hoton, zai yi maka amfani a wajen cikawa.

A nan ne nake son mu bar wata al'adarmu a gida. Mun saba idan mun sayi gero ko tumatir mu ce a yi mana gyara, mai sayarwa mai kirki ma yakan ƙara ba a tambaya ba. A tukunyar CO2 gyara ita ce babban haɗari. Ƙarin kilo 1 kacal a kan tukunyar kilo 5 yana cinye filin da aka bar wa ruwan ya kumbura. A wurin cikawa ba za ka ga komai ba, domin tukunyar da sanyinta take fitowa. Sai ta shiga mota ta sha rana ta kai digiri 50, a nan matsin zai iya wuce iyakar faifan kariya. Duk mai cikawar da ya ce maka "na ɗan ƙara maka," ka gode masa, ka ce ya rage a gabanka.

Tafiyar ita ce wurin da aka fi yin kuskure

Gidan sayar da gas ɗin girki ba zai iya cika maka CO2 ba, kayan aikin daban ne. Galibi sai an dangana da dillalan gas na masana'antu a manyan birane irin su Kano da Kaduna, waɗanda suke samo kaya daga kamfanoni irin su Industrial and Medical Gases, wanda a da ake kira BOC Gases. Ma'ana tukunyar mutumin Gummi za ta yi doguwar tafiya: ta biyo ta Gusau, ta karya a Mayanchi, ta wuce Anka da Daki Takwas kafin ta iso gida. Duk wanda ya san hanyar ya san akwai ramuka, akwai shingayen bincike, akwai kuma jiran fasinja a tasha wanda ba shi da ƙayyadajjen lokaci.

Abu na farko, ka cire regileta kafin tukunya ta motsa ko da zuwa maƙwabta ne. Regileta ita ce kan nan mai geji biyu da ke rage matsi. Idan tukunya ta faɗi tana jone, regiletar ce za ta fara dukan ƙasa, kuma tana iya karya wuyan bawul. Bawul shi ne wuri mafi rauni a jikin tukunya. Idan ya cire, matsin da ke ciki zai harba tukunyar kamar roka, ta fasa bango ko ƙafar mutum. Saboda haka ka rufe bawul sosai da hannu, ka mayar da murfinsa idan tukunyar mai murfi ce, kuma kada ka taɓa ɗaga ta da bawul ko ka jawo ta a ƙasa.

Na biyu, but ɗin mota. Mun san yadda ake loda Golf a tasha: buhunan masara, jarkoki, katifa a sama, a ɗaure da igiya a danne. Idan ka miƙa wa kwandasta tukunya ka ce ya saka, a can ƙasa zai cusa ta, kusa da inda zafin salansa ke bugowa, ya ɗora kaya a kai. Motar da aka rufe aka bari a rana, cikinta yana iya wuce digiri 60. Ni a ganina ya fi maka ka biya kuɗin kujera ko ka nemi motar kaya mai buɗaɗɗen baya, a tsayar da tukunyar a tsaye, a ɗaure ta da wani abu mai ƙarfi yadda ba za ta gangara ba, a yi mata inuwa. Buhun algarara da aka jiƙa da ruwa yana taimakawa, kamar yadda yake sanyaya randa. Idan dole sai ta kwanta, a tokare ta gefe da gefe, bawul ɗin ya kalli inda babu abin da zai buge shi. Gilasan mota su kasance a buɗe. Ka duba manhajar yanayi a wayarka tun daren jiya, ka tashi da motar farko ta safe. Idan motar ta tsaya dogon jira, ka sauke tukunyar ka kai ta inuwa.

Ka gaya wa direba abin da ka ɗauko. "Direba, wannan ba gas ɗin girki ba ne, ba ya kama wuta, amma ba ya son rana kuma ba a danne shi." Haƙƙinsa ne da na sauran fasinjoji su sani. Ka riƙe rasit ɗin wurin da aka cika maka, domin a halin tsaron da ake ciki jami'in da ya ga tukunyar ƙarfe a shinge dole ya yi tambaya.

A cikin gari kuma sai maganar babur. Kullum muna ganin ɗan kabu-kabu ya gicciye tukunya a kan kariya, kanta ya leƙo waje, fasinja ya dafe da hannu ɗaya. Ƙaramin kuskure a kwana, ko gogar bango a lungu, kan tukunyar ne zai fara karɓa. Keke Napep ya fi, a tsayar da ita a tsakanin ƙafafunka a ɗaure. Idan ba yadda za a yi sai babur, a saka ƙaramar tukunya a cikin kwando ko akwatin katako a ɗaure tamau da roba, nesa da salansa.

Idan faifan kariya ya fashe kuna cikin tafiya, direba ya tsaya, a buɗe ƙofofi, kowa ya fita ya koma ta inda iska ke busowa. Kada ka kai hannu don toshewa. Gas ɗin da ke fita yana daskarewa ya zama ƙanƙara mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifili, tana ƙone fata kamar wuta. Bayan haka kuma kada wani makaniki ya ce zai toshe ramin da kusa ko ya like shi da walda. Faifan sabo ake sakawa, mai lamba daidai da ta tukunyar. Tukunyar da aka toshe wa faifai ba ta da sauran hanyar numfashi sai ta tsage.

Iskar da ba ta wari, ba ta launi

Da yake CO2 ba ya kama wuta, har ma da shi ake kashe gobara, mutane sukan raina shi. Haɗarinsa ta numfashi yake zuwa. A iskar da muke shaƙa kullum, CO2 kusan kashi 0.04 ne cikin 100. Dokokin wuraren aiki a ƙasashe da dama sun sa iyakar kashi 0.5 ga mai aikin awa 8. Idan ya kai kashi 4 ana ɗaukarsa barazana ga rai nan take. Daga kashi 7 zuwa 10 mutum yana iya suma cikin 'yan mintoci.

Mu yi lissafi. Kilo 1 na CO2 idan ya saki jiki yana zama iska fiye da lita 500. Tukunyar kilo 5 za ta ba da kusan lita 2,700. Shago mai faɗin mita 3, tsawon mita 3, tsayin mita 3 yana ɗaukar lita 27,000. Ke nan tukunya ɗaya idan ta zube gaba ɗaya a rufaffen shago, ta kai wajen kashi 10. Cikin ƙaramar mota kuwa duka-duka bai fi lita 3,000 da wani abu ba, sai ka ƙiyasta da kanka.

Kuma CO2 ya fi iska nauyi da kusan rabi, don haka ƙasa yake kwanciya kamar ruwa. Wanda ke tsaye zai iya jin ciwon kai da haki kawai, alhali yaron da ke wasa a ƙasa ko wanda ya shimfiɗa tabarma yana cikin tsakiyarsa. Samari da yawa a shagonsu suke kwana, su rufe ƙofa da taga saboda sauro da ɓarayi. Idan kana cikinsu, tukunyar ba za ta kwana tare da kai ba, ko da ka rufe bawul.

Maƙwabtanmu na Kamaru sun ga mafi munin misalin wannan. A daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin ƙasar, ba nisa da iyakar Najeriya, ya saki tarin CO2 da ya daɗe a ƙarƙashin ruwa. Iskar ta gangara kwari ta bi ƙauyuka, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi kusan 3,500, da yawa a cikin barci. Babu wuta, babu rushewar gida.

Da ka shiga shago ka ji numfashinka ya yi sauri ba dalili, ko kai ya sara, ko wani ɗanɗano mai tsami-tsami a baki, fita waje tukuna, ka bar ƙofa a buɗe. Idan ka ga wani ya faɗi a ciki, kada ka ruga ka sunkuya a kansa, domin kai ma a nan za ka faɗi. A buɗe ko'ina, a nemi taimako, a jawo shi waje da sauri a kai asibiti.

A wajen cikawa

Kafin ka miƙa tukunya ka sake duba kafaɗarta. Akwai wata da shekarar da aka yi mata gwajin matsi na ƙarshe, misali 03 da 21, wato Maris 2021. A Amurka duk shekara 5 ake maimaita gwajin irin waɗannan tukwane, a Turai kuma galibi shekara 10. Tukwanen da ke shigowa cikin kayan gwanjo da yawa sun daɗe da wuce wa'adi. Wadda ta loɓa, ko tsatsa ta ci gindinta, ko aka kankare lambobinta, ko aka taɓa yi mata walda, ka bar ta ko kyauta ce. Ta alminiyom da ta taɓa shiga gobara ta gama aiki, ko da a ido ba ta nuna komai.

Ka tsaya a auna ta a gabanka kafin cikawa da bayan cikawa. Wurin da ba su da sikeli, suna cikawa da kallon geji ko da jin sauti, ka ɗauki kayanka ka tafi.

Sai maganar irin gas ɗin. Akwai CO2 na masu walda da masu gyaran tukunyar kashe gobara, akwai kuma wanda aka tace don abin sha, mai tsarkin kashi 99.9 cikin 100 ko fiye. Tun da mutane za su sha, ka nemi na abin sha, kuma a rubuta maka haka a rasit. Manyan kamfanoni ma sun taɓa ƙonewa a nan. A 1990 kamfanin ruwan Perrier na Faransa ya janye kwalabe kusan miliyan 160 daga kasuwannin duniya saboda an samu sinadarin benzin da ya biyo gas. A 1999 kuma gurɓataccen CO2 yana cikin abin da ya jawo wa Coca-Cola babbar janyewar kaya a Beljiyam. Mutanen Anka da Bukkuyum ba sa buƙatar dogon wa'azi a kan gubar da ido ba ya gani, bayan abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Bagega, Dareta, Yargalma da sauran ƙauyuka a 2010.

Abubuwa biyu da nake gani a bidiyo kuma nake roƙon ka guje su. Na ɗaya, mayar da tukunyar kashe gobara ta zama ta lemo. Tana da bututu a ciki da ke ɗebo ruwan CO2 daga gindi, ruwan zai shiga regileta ya daskarar da ita, sannan cikinta ba a tsabtace shi don abinci ba. Na biyu, wanda ya fi muni, zuba CO2 a tukunyar gas ɗin girki. Ita a kusan bar 30 ake gwada ta, CO2 kuwa ko a ɗaki mai sanyi yana kan bar 57. Ba maganar ko za ta fashe ba ce.

Masu ƙaramar na'urar SodaStream da irinta, 'yar tukunyarsu tana cin wajen giram 425 ne kawai. Ana sayar da tiyo da mahaɗi a intanet don cika ta daga babbar tukunya. Idan giram 425 ne iyaka, ƙarin giram 80 ya riga ya zama haɗari, kuma ba za ka gane shi da ido ba sai da sikelin kicin mai lambobi. Wanda bai taɓa gani an yi a gabansa ba, ya bar wa masu sana'ar.

Ka lura da bakin bawul kafin ka yi odar regileta. Na Amurka ana kiransa CGA 320, na Turai kuma W21.8. A ido kusan ɗaya suke, amma zaren ya bambanta. Idan ka ɗaura ka ji tana cijewa tun zagaye na biyu, kada ka sa sifana ka tilasta.

Kada kuma ka shanye tukunya ƙarƙaf ka bar bawul a buɗe. Danshi yana shiga, ya haɗu da CO2 ya zama ruwa mai tsami da ke cin ƙarfe ta ciki inda ba ka gani. Ka bar ɗan saura, ka rufe. Haka nan ka sa ɗan bawul mai hana komowa a kan tiyo, don kada zoɓo ya koma cikin regileta.

Kananan na'urorin da suka cancanci kuɗinka

Sikelin rataye mai batir, irin wanda ake auna jakar tafiya, shi ne na farko, kuma bai kai kuɗin datar wata ɗaya ta wasunmu ba. Sai ma'aunin zafi mai kama da bindiga, irin wanda aka yi ta haska mana a goshi lokacin korona, amma ka nemi na auna kaya ba na jiki ba. Da shi za ka san zafin jikin tukunyar kanta.

Idan shagonka ƙarami ne, na'urar gano CO2 tana da amfani. Ka duba a bayanin kayan ko an rubuta NDIR, shi ne nau'in da ke auna iskar da gaske. Masu arha da yawa da ke rubuta eCO2 kintace kawai suke yi. Ka kafa ta ƙasa-ƙasa, kusa da gwiwa, ba a saman bango ba. Kada ka rikita ta da na'urar gano CO, wato hayaƙin janareto, iskar daban ce kuma ɗaya ba ta ganin ɗaya. Manhajojin da ke Play Store masu cewa suna auna CO2 da waya kuwa, ka goge su. Wayarka ba ta da abin da zai ji wannan iska, sai dai idan manhajar tana karɓar bayani ne daga wata na'ura ta Bluetooth.

Gano yoyo ba ya buƙatar na'ura. Kumfar sabulu a soso, ka shafa a duk mahaɗa, inda ya yi ƙwai-ƙwai a nan yake zuba. Galibi 'yar wosha ce da ke tsakanin bawul da regileta ta mutu.

Idan ka iso gida

Tukunyar da ta sha hanya, ka tsayar da ita a inuwa ta huce na wasu awanni kafin ka jona komai. A tsaye ake amfani da ita kullum, a ɗaure da sarƙa ko igiya a jikin bango. Ka sassauta makunnin regileta gaba ɗaya, ka tsaya a gefe ba gaban geji ba, sannan ka buɗe bawul a hankali.

Abin sha mai sanyi sosai shi ke karɓar gas, don haka ka sanyaya zoɓon tukuna, ka tace shi da kyau, ka tsaya wajen psi 30. Robar lemo mai gas kaɗai za ka yi amfani da ita, ban da robar ruwan sha, ban da kwalbar gilashi ko wace iri. Gas kuma ba ya hana abin sha lalacewa. Zoɓo mai sukari da aka rufe aka bari a zafi zai fara tsami da kansa, ya kumbura roba, kuma wannan tsamin shi ne hanyar zama giya. Idan wuta ta ɗauke firij ya huce, kada ka sayar da na jiya. Wanda kuma yake son ya buga wa lemonsa suna ya riƙa kaiwa shaguna, sai ya nemi rajistar NAFDAC.

Shi kuwa mai shagon Gummi, mun ce ya cire regileta ya rataya tukunyar a sikeli. Ta nuna kilo 13.1, a kafaɗarta kuma TW 8.2 ne, don haka ba a cika ta fiye da kima ba. Ya fitar da ita daga ƙarƙashin kwano ya kai ta zauren ƙasa mai iska, ya ɗaure a bango, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Washegari da azahar ya turo hoto, allurar ba ta kai 1,300 ba. Sai dai a hoton kafaɗar da ya turo mun hango tambarin gwaji na ƙarshe, 06 da 14. Mun ce masa idan wannan gas ɗin ya ƙare, kada a sake zuba mata ko giram ɗaya sai an kai ta gwaji, ko ya musanya ta da wata a wajen dillali.